Lebura, hular kwano da takardun Alausa

Daren Talata bayan isha'i muna zaune wajen mai shayi a nan Agege sai ga wani Alhaji da muke mutunci da shi, yana da wurin walda da yankan ƙarfe da yara kusan goma sha biyu a ƙarƙashinsa, ya zo ransa a ɓace da takarda a hannu. Wai wasu sun zo daga Alausa, wato sakatariyar gwamnatin jihar Legas, sun zagaya wurin sun ga wayoyin wuta a ƙasa, tukunyar gas a jingine kusa da inda ake feshin wuta, yara suna walda da baƙin gilashin kasuwa irin na gayu, shi ne suka bar masa takarda suka ce ya gyara kafin su dawo in ba haka ba su garƙame wurin. Abin da ya fi ƙona masa rai, a cewarsa, shi ba kamfani ba ne, "ni da nake neman na tuwo ina ni ina dokar masana'anta". Ni kuma da yake na yi shekaru ina kai leburori sait-sait a Lekki da Ajah da Ikorodu kuma takardun nan sun sha wucewa ta hannuna, sai na ce Alhaji zauna a zuba maka shayi, maganar nan ta fi ƙarfin tsaye. Abin da na gaya masa ne zan ɗan faɗaɗa a nan, don na lura da yawa daga mutanenmu ko dai ba su san dokokin ba, ko sun san sunansu amma sun rikita wace ta wace ce.

Rikicin yana farawa ne daga kundin tsarin mulki na 1999. A can an saka maganar ƙwadago, har da yanayin aiki da lafiyar ma'aikaci, cikin jerin abubuwan da majalisar tarayya ke yi wa doka. Shi ya sa manyan dokokin duk na Abuja ne: dokar masana'antu ta 1987, dokar ƙwadago ta tun 1974, da dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010. To amma ƙasa da gini da tsarin gari da kashe gobara da tsabtar muhalli da lafiyar jama'ar da ke shiga wuri suna fita, wannan kuma jiha ce ke riƙe da su, kuma Legas ba ta wasa da nata. Ta wannan ƙofar ta shigo. A 2011 zamanin gwamna Fashola aka yi dokar da ta kafa Lagos State Safety Commission, wadda mu dai muke ce wa 'yan sefti, aikinta ta tsara ƙa'idojin kiyaye haɗari, ta duba wuraren aiki da wuraren taruwar jama'a, ta ba da satifiket, in ta ga ganganci ta rufe wuri. Waɗanda suka yi zamanin korona a 2020 da wurin biki ko wurin motsa jiki za su tuna su, su ne aka ce sai ka yi rajista a wajensu kafin ka sake buɗewa.

Kuma ba su kaɗai ba ne, nan ne mai ƙaramin jari yake jin kamar an yi masa taron dangi. In gini kake yi akwai LASPPPA masu ba da izinin gini, akwai LASBCA masu zuwa su duba mataki-mataki su shafa jan fenti a bango in ba su gamsu ba, akwai masu gwajin siminti da rodi da bulo. In hayaƙi ko ƙara ko ruwan ƙazanta wurinka ke fitarwa LASEPA ce. Abin kashe gobara da hanyar fita na 'yan kwana-kwana ne. In abu ya riga ya faru LASEMA ce ke zuwa, lambobin 112 da 767 nasu ne na gaggawa. Sannan daga can gefe ga sifetocin masana'antu na ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, ga NSITF, wato hukumar tarayya mai riƙe da asusun biyan diyyar ma'aikata. Kowa da takardarsa kowa da kuɗinsa, kuma satifiket ɗin wannan ba ya hana wancan zuwa. Gaskiya ni ma ina ganin abin ya yi yawa, da an haɗe su wuri ɗaya da mutane sun fi bi, don yawan hannu a miya shi ke ba wa 'yan damfara dama su ɗinka riga mai walƙiya su rataya kati su zo su ce daga Alausa suke. Wanda duk ya zo maka ka nemi katin aikinsa da takarda a rubuce, kuɗin gwamnati kuma ta banki ake biya a karɓi rasit, wanda ya ce ka ba shi a hannu "mu kashe maganar a nan" to maganar ba ta mutu ba, wata mai zuwa zai dawo ko ya turo ɗan uwansa.

Yanzu me ake nema a wajen mai wurin aiki? In ka cire turancin da ke cikin takardun abin ba wani mai wuya ba ne. Dokar masana'antu ta ce a yi wa masana'anta rajista, wuri ya zama da tsabta da iska da haske, kar a cusa mutane kamar kifin gwangwani, duk injin da ke da sashe mai juyawa ko mai yanka a yi masa kariya, a samar da ruwan sha da banɗaki da akwatin taimakon farko, a koya wa sabon ma'aikaci inji kafin a bar shi da shi, a ba da kayan kariya inda aikin ke buƙata. Ta kuma ce in haɗari ya kashe mutum ko ya hana shi aiki fiye da kwana uku dole a kai rahoto. 'Yan sefti na jiha su ma kusan abin da suke dubawa ke nan, sai dai su suna son su ga a rubuce cewa ka zauna ka lissafa haɗurran da ke wurinka da abin da ka tanada a kan kowanne, da shaidar ka horar da yaranka, da ranar da aka duba tukunyar kashe gobara, don da yawa tukunyar tana rataye a bango shekara biyar ta zama ado, ranar da aka matsa ko tusa ba za ta yi ba.

Akwai layi ɗaya a dokar 1987 ɗin da duk lokacin da na tuna shi sai jikina ya yi sanyi. Ta ce muddin akwai ma'aikaci a ciki ba a yarda a kulle ƙofa ta yadda ba za a iya buɗe ta nan take daga ciki ba. Wannan layin yana nan a rubuce shekara goma sha biyar kafin gobarar da ta tashi a wata masana'antar roba a Odogunyan ta Ikorodu a watan Satumba na 2002, inda gomman ma'aikatan dare suka ƙone, kuma waɗanda suka tsira suka ce an kulle su ne ta waje don kar su yi sata. Har yau in ka shiga wasu sito-sito da gidajen burodi da dare za ka tarar da kwaɗo a ƙofa, makulli yana aljihun manaja ya tafi gida, mai gadi ɗan uwanmu yana zaune a bakin get da sanda da tocila ba shi da abin buɗewa. Ka ga ba rashin doka ba ne. Abin da ya sa ba a tsoronta shi ne tarar da ke ciki ta zamanin da naira take naira ce, 'yan ɗaruruwa da 'yan dubbai, yau kuɗin ba su kai na buhun siminti ɗaya ba, an yi ta kai ƙudirin sabuwar doka majalisa shekara da shekaru tana tafiyar hawainiya. Wannan giɓin ne jiha ta cike da garƙame wuri, don mai kamfani ba ya jin tarar dubu biyar amma ya san zafin kwana uku ba a buɗe get ba.

To amma fa ga inda nake son mutanenmu su buɗe kunne, don nan ne ake cin mu da yaƙi. Jiha tana iya rufe wuri, tana iya cin tara, tana iya rushe gini, amma ba ita ke biyan wanda ya rasa hannu ba. Diyya ta tarayya ce, ta hannun NSITF, ƙarƙashin dokar da Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Disamban 2010. Tsarin shi ne mai aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya duk wata, daga aljihunsa, dokar ta hana a cire daga albashin ma'aikaci. Na yi wa Alhaji lissafi a bayan kwalin Lipton: in yara goma kake biya dubu tamanin-tamanin, dubu ɗari takwas ke nan, kasonka naira dubu takwas a wata, kuɗin da ba su kai man janareto na yini biyu ba. Abin da ke bayan wannan dubu takwas ɗin kuwa shi ne magani da gyaran gaɓa in an ji rauni, da biyan wata-wata ga wanda ya nakasa, in kuma rai ya yi halinsa matar da aka bari da 'ya'ya biyu ko fiye tana da kashi 90 cikin 100 na albashin mamacin duk wata, mai ɗa ɗaya kashi 85. Har haɗarin da ya samu mutum a hanyarsa tsakanin gida da wurin aiki dokar ta sa shi a ciki.

Kuma kar wani ya ce ai wannan na masu ɗaura nakatayi ne. Dokar da ta zo fassara waye ma'aikaci ta ce ko da baki aka yi yarjejeniya ko a rubuce, ko na dindindin ne ko na wucin gadi ko ɗan koyon sana'a ko na biyan yini, har ɗan aikin gida in ba ɗan gidan ba ne. Wato mai ɗaukar kwanon sarki yana hawa dekin, da mai gadi, da yaron walda na Alhaji, da mai fiɗa a mayankar Oko-Oba in wani ne ya ɗauke shi aiki, duk a takarda suna ciki. A takarda fa na ce. A zahiri abin da ke faruwa shi ne babban kamfani ya ba ɗan kwangila, ɗan kwangila ya ba ƙaramin ɗan kwangila, shi kuma ya kira helma ya ce gobe ina son mutum talatin za a zuba kankare, helma ya je bakin gada da asuba ya kwaso 'yan uwanmu da shebur ɗinsu, da yamma a ƙirga kai a biya a watse. Ba wanda ya rubuta suna. In aka tambayi injiniya zai ce "Malam" ne, duk sunanmu ke nan a sait. Tun da aka hana okada a Ikeja da Surulere da Apapa da Eti-Osa da cikin Ikko a watan Yuni na 2022 na ga yaran da suka ajiye babur suka faɗo wannan aikin ba su taɓa hawa gorar da ake ɗaurawa a jikin bene ba, ranar farko aka tura su hawa na huɗu da silifas.

Ranar da benen nan mai hawa 21 ya rufta a titin Gerrard a Ikoyi, 1 ga Nuwamban 2021, mutum sama da arba'in suka mutu har da mai ginin, abin da ya fi tsaya min a rai ba yawan hawan da aka ce an ƙara a kan wanda aka amince ba ne, a'a, yadda aka yi kwanaki ana tono ba wanda zai iya cewa mutum nawa ne a ƙasa, sai 'yan uwa ne ke zuwa da hotuna suna ba da sunan wanda bai koma gida ba. To wanda danginsa ke wani ƙauye a Zamfara ko Jigawa ko Maraɗi, wanda rabonsa da kiran gida sati biyu, wa zai zo da hotonsa? Haka a ginin Lekki na Maris ɗin 2016 da ya ci mutum sama da talatin, mafi yawa masu aikin ƙarfi ne. Duk wata kariya da dokar jiha da ta tarayya suka tanada tana rataye ne a kan abu ɗaya, a iya nuna cewa wane ɗan wane yana aiki a wurin nan ranar kaza. In babu wannan sai ka ga an shiga musu, kamfani ya ce ba mu san shi ba yaron ɗan kwangila ne, ɗan kwangila ya kashe waya. Alhali dokar 2010 ta riga ta toshe wannan ƙofar, ta ɗora alhakin kuɗin asusun a kan mai aikin da ɗan kwangilarsa gaba ɗaya, sai dai wa zai bi?

Ni kaina ba zan wanke kaina ba. Akwai shekarar da na kai yara wani sait can bayan Ajah, ba zan kama sunan kamfanin ba, wani yaro ɗan wajenmu katako ya karye da shi daga hawa na biyu ya karya ƙugu. Ranar da 'yan dubawa za su zo an raba mana hular kwano sababbi fil da riguna masu walƙiya an ɗauki hoto, suna fita sitokifa ya bi ya karɓe ya kulle a kwantena, to ranar da yaron ya faɗo babu ko ɗaya a kansa balle igiyar ɗaure ƙugu. Manaja ya kira ni gefe ya ba ni kuɗi a ambulan ya ce a kai shi wajen mai ɗori, ni kuma a lokacin gani nake ya yi mana kirki har godiya na yi. Ban san cewa ma'aikaci ko wani nasa yana da kwana 14 ya sanar da mai aiki ba, shi mai aiki yana da kwana 7 ya sanar da NSITF, mutuwa kuma nan take ake kai rahotonta, sannan neman diyya a cikin shekara ɗaya ake shigar da shi. Kafin in san duk wannan shekara ta wuce, yaron yana gida yana ɗingishi, kuɗin ambulan ko wata biyu ba su yi ba. Da kawunsa ya kira ni cewa ya yi "ɗana ba komai, haka Allah ya rubuta, mun yafe", wallahi wannan yafiyar ta fi zagi yi min ciwo.

Maganar ƙaddara ɗin nan sai an yi ta a hankali don ba wanda ke musun ta. Amma mu ne dai muke karanta cewa a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali, kuma mu ne addininmu ya san diyya tun kafin a haifi NSITF. Abin da na lura shi ne wasu masu aikin sun gane halinmu, sun san Bahaushe zai ce Allah ya kawo kuma yana sauri a yi jana'iza kafin la'asar, ba zai tsaya jiran rahoton likita ko na 'yan sanda ba, shi ya sa suka fi son ɗaukar mu a aikin da ya fi haɗari, haƙar sokawe, shiga tankin mai a wanke, sauke kaya a Apapa, fasa gini. Yafiya hakkin magada ce in sun ga dama, amma a san abin da ake yafewa tukuna, marayu ba su wakilta kowa ya yafe musu kashi 90 na albashin ubansu a kan buhun shinkafa da kuɗin mota ba. In mai aiki ya yi taurin kai akwai kotun ma'aikata ta ƙasa, tana da reshe a Ikoyi, ita ke sauraron irin wannan shari'ar. Sannan kamfanonin da dokar fansho ta 2014 ta hau kansu wajibi ne su yi wa ma'aikata inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba, wannan daban ne da na NSITF, kuma tun a 2003 dokar inshora ta wancan lokacin ta ce ginin da ya wuce hawa biyu sai da inshora za a gina shi. A nan ne nake ganin sarakunan Hausawa na unguwanni da shugabannin kasuwa na Mile 12 da Alaba Rago da Idi-Araba ya kamata su riƙa tambayar waɗannan takardun in an zo sasanci, maimakon a tsaya a kan nawa za a bayar na kai gawa gida.

Su ma leburorin akwai nasu. Ka ba yaro takalmin aiki ya kai Katangowa ya sayar, ka ba shi hula ya ce zafi take yi masa ya mayar da ita kwanon shan gari, mai walda ya ce gilashin kariya yana hana shi ganin aiki, da dare ido ya kumbura a ɗiga masa madara. Wannan gaskiya ne kuma masu aiki suna fakewa da shi. Sai dai a idon masu dubawa ba ka fita ba don ka saya ka ajiye, sai ka nuna ka raba, ka koyar, ka tilasta, shi ya sa manyan kamfanoni suke tara mutane minti goma da safe a yi bayanin haɗarin aikin ranar kowa ya sa hannu. Matsalar ita ce da turanci ko burokin ake yi, yaron da ya sauka daga tirela shekaranjiya yana gyaɗa kai ne kawai, allunan gargaɗin ma duk turanci ne da ɗan Yarabanci. Ban ga abin da zai hana a ce duk sait ɗin da ke da leburorin Arewa helma ya maimaita bayanin da Hausa ba, ko sisi ba za a kashe ba.

Alhaji dai ya saurare ni har shayinsa ya huce, ya ce to Malam yanzu ni me zan yi kafin su dawo. Na ce ka ɗaga wayoyin nan daga ƙasa, ka raba tukunyar gas da wurin wuta ka ɗaure ta a tsaye, ka sayi abin rufe fuska na walda na gaske da safar hannu da tukunyar kashe gobara, ka ɗauki takardar ka je Alausa da ƙafarka ka ji abin da ake biya kar ka bi ta hannun ejan. Sannan ka sayi littafi mai bango mai kauri ka rubuta cikakken sunan kowane yaro da garinsu da lambar wani nasa, kullum da safe su sa hannu ko su dangwala, ni tun abin da ya faru a Ajah ba na tura mutum sait sai na ɗauki hotonsa a bakin get na tura wa injiniya ta WhatsApp don kwanan wata ya zauna. Na gas da wayoyin ya yarda nan take, na littafin ma ya ce ba matsala akwai ɗansa ɗan sakandare zai riƙa rubutawa. Da na zo kan dubu takwas ɗin NSITF sai ya miƙe yana kakkaɓe riga ya ce bari dai ya ga yadda kasuwa za ta yi bayan sallah, ya biya kuɗin shayinmu duka ya tafi.